Kada Ki Ce Wa Kawunki "To"

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Zuwa ga ɗiyar Inna,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Shi kai ki Zariya lafiya, Shi tsare ki a hanya da masauki, Shi raba ki da mugun ji da mugun gani, amin.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, ƙofarki na kallon tawa, amma ga ƙanwarki Balki ta miƙo miki takarda kamar daga Ikko ta fito. To yaya zan yi? Bakina bai saba da ke ba. Kwanakin nan sau nawa ina tasowa da niyyar in shigo wurinki, in na iso ƙofa sai in tsaya gyaran tabarmar da ba ta karkace ba, in juya. Rubutun ma ki yi haƙuri da shi, na ajin yaƙi da jahilci ne, layukan sai gangarawa suke. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don babu wanda zan iya buɗe baki in faɗa wa wagga magana. Ki karanta ta yau, kafin gobe Kawunki Ladan ya iso da mota. Tafiyarki tare da shi ita ce ta hana ni sukuni.

Na san ƙanena, ni na goye shi. Daga nan zuwa Talatar Mafara zai yi ta ba ki labarin marigayiya Inna, uwarmu ni da shi, har ki yi hawaye. A Gusau zai tsaya ya sayo miki tsire. Kafin ku kai Funtuwa zai ce ki yi masa alkawari, in kin gama karatun kasuwancin nan ki dawo ki riƙe masa ofis. Ai ya riga ya share hanya ranar da ya kawo miki akwati da agogo, ina jinsa daga madafa. Cewa ya yi, "Ɗiyata, je ki koyo mana lissafin Turawa. Akwai ɗaki can baya a ofishina na Mabera, da fanka da labule, babu namijin da zai gan ki. Ki yi aikinki cikin mutunci, mu a waje mu ji da mutane." Na leƙo na ga kin sunkuyar da kai kina murza bakin mayafi. Ba ki amsa ba, amma leɓenki ya motsa. Wallahi na san kalmar da ke kan leɓen nan. Kuma kin san gidanga. In kinka ce to, ko a cikin mota ne, ko don kunya ne, Malam ubanki da kansa zai tsare ki a kai, don shi a wurinsa alkawari ba ya tashi.

Ni na taɓa faɗar kalmar nan, ga wanga mutum kuma, tun ba ki fara tafiya ba. Bari ki ji yadda anka yi.

Da anka kawo ni gidan Malam nan Gawon Nama, Inna ta aiko mini da shanshera, shinkafar da ba a casa ba, daga fadama, wai in samu abin taɓawa kada zaman ɗaki ya ishe ni. Da tukunya ɗaya na fara gumi. In jiƙa, in turara, in shanya a tsakar gida, in casa, in bakace, sannan in zauna in tsince tsakuwa har idona ya yi yaji. Ba yabon kai ba, shinkafata mace kan iya wanke ta ta zuba a tukunya ba ta duba ba. Sai dai matan malamai ba su fita, balle kasuwa. Lokacin Ladan saurayi ne, ba karatu ba sana'a, sai zaman bakin tasha. Inna ta ce in riƙa ba shi yana kai mini kasuwa ko ya natsu. Ran da zai fara ɗauka ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Yaya, in an tambayi mai ita mi zan ce? Kin san Malam ba zai so a riƙa jan sunan matarsa a bakin 'yan awo ba. In ce tawa ce?" Ban ko ɗaga kai daga faifai ba na ce to.

Allah Ya sa albarka. Tukunya ta koma ganga, matan maƙwabta sunka shigo aiki, tun hantsi ba ka jin komai a gidanga sai amon taɓarya da wasan baki. Ladan ya samu rumfa, makarantun kwana da barikin soja sunka fara karɓa a hannunsa. Kada ki ji na ce ya ci haƙƙina, Allah na gani bai ci ba. Rabona na isko ni kan kari, kuma shi ya raka ni Makka. Amma kaf garin nan shinkafar Ladan anka sani. Ranar da ya buɗe ofishin Mabera ya aiko mota anka kwashe mu gani. Ga allo ƙato a ƙofa da rubutun Turanci. Na ce Balki ta fassara mini, ta ce, "An sa Alhaji Ladan da 'ya'yansa maza." 'Ya'yan nan kuwa babbansu ko kaciya ba a yi masa ba. Na ce masha Allahu, na sa albarka da ƙarfi kowa ya ji. Amma da munka dawo gida, ranar ko tuwo ban ci ba.

Don haka abin da hannunki ya yi, a kira shi da sunanki tun yana ƙarami, tun bai kai a yi gardama a kansa ba. In ya girma da sunan wani, ko da ɗan'uwanki ne ciki ɗaya, kunya ba za ta bar ki ki karɓo ba. Ni na gwada a zuciyata ya fi a ƙirga, ban taɓa kai shi baki ba.

Kuskurena na biyu ba na Ladan ba ne, nawa ne ni kaɗai, girman kai ne. Da kuɗin man fetur ɗin nan sunka faso, anka ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya sayi babur da rediyo, sai ga shinkafa ta jirgin ruwa ta fara shigowa, fara tas, doguwa. Ladan ya kawo mini tiya guda ya ce in dafa in gani. Na dafa, na taɓa a baki, na tuntsire da dariya. Na ce wannan ai auduga ce, wane Basakkwace zai bar gumi ya ci wagga aba? Ya ce, "Yaya, ki bi a hankali, na ga yadda mata ke aiko yara nemanta." Na ce ya rufa mini baki, ni zai koya wa shinkafa? Shekarar nan na cika ɗakuna da shanshera fiye da kowace shekara. Ashe matan ma'aikata ba ɗanɗano suke nema ba, farar da za su fidda gaban baƙi suke so. Ni ina cikin bango huɗu, ina zan sani? Makarantu sunka juya, bariki ta juya. Matan da ke aiki da ni sunka riƙa zamewa da ɗaɗɗaya, kowacce ta zo ta yi mini sallama tana sunne kai kamar ita ta yi laifin. Yau kina gani, gangunan nan kaji ke kwana a ciki.

Kawunki ya fi ni gaskiya a nan, kuma ba don ya fi ni sanin shinkafa ba, don shi yana ganin fuskar mai saye ne, ni kuwa sai labari. Shi ya sa da na ji ya ce labule jikina ya yi sanyi. Mai ciniki a bayan labule ba ta san ranar da kasuwa ta juya mata baya ba. Ki je ki yi karatun, ki sa kunne, kada ki rena abin da ba ki sani ba don kawai baƙo ne. In malamanku sun ce a fita a ga kasuwa ko masana'anta, ki yafa mayafinki ki bi, kada ki ce ciwon kai.

Na ukun shi ne wanda har gobe ban manta ba. Ana cikin haka gwamnatin soja ta turo wasu ma'aikata suna bin masu gumi, za a ba su injin casa su riƙa biya a hankali. Injin nan shi ne zai fidda tamu ta gida fara, ta tsaya kusa da ta jirgi ba kunya. Wani ya ce musu shinkafa mafi tsabta daga gidan Malam take fita, sunka zo sunka yi sallama. Malam ya sauke su a zaure ya aika a kira Ladan, tunda shi kowa ya sani. Ni kuwa na dama fura, na kawo har bayan ƙyauren zaure ina jiran wanda zai shigar musu. Da kunnena na ji babbansu ya ce, "Wa ke da wannan aiki?" Ladan ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Amma gumi ya zama tsohon yayi, yanzu daga Ikko nake sarowa. Ku kai wa wasu." Tsakanina da su katako ne kawai. Da tari na yi, da Malam ya leƙo. Na tsaya riƙe da kwano har fura ta kwanta, ina ji sunka yi godiya, motarsu ta tashi.

Sai bayan watanni, da abin ya ci ni ya ishe ni, na amayar wa Malam. Ya rufe littafin da ke gabansa ya dube ni ya ce, "Ke kuwa mi ya hana ki magana? Ni duk zatona aiki kike taya ɗan'uwanki don zumunci. Uwar muminai ta farko ai 'yar kasuwa ce, kuma da sunanta anka san dukiyarta." Na rasa inda zan sa kaina. Ban ce da na tambaye shi tun ina amarya lalle zai yarda ba, lokacin mutum ne mai tsauri. Amma ban tambaya ba. Ni na hana kaina, na ɗora masa, na zauna shekara da shekaru ina tsoron hanin da ba a taɓa yi mini ba.

Ke dai ki riƙa tambaya. A aji in ba ki gane ba ki ɗaga hannu, ko da maza sun cika ɗakin. Za su yi miki dariyar Sakkwatanci, kina cewa munka zaka za su fashe, ki bar su, haƙoransu ne. In kina son abu a wurin Malam ko wani babba, ki durƙusa ki faɗa da ladabi. In an ƙi, kin dai san an ƙi.

Yanzu ga wadda ta fi yi mini nauyi. Da kinka dawo daga ganawa da malaman jami'a, kina zaune da Balki a gindin durumi kina ba ta labarin 'yan matan da za ku yi karatu tare. Ni ina bakace a gefe, kun ɗauka hankalina na kan faifai. Babu abin da ya wuce ni. Na ji ta Ilori, wadda uwarta ke da rumfar atamfa, tun tana firamare take zaman rumfa, wai so take ta riƙa zuwa ƙasashen waje da ƙafarta ta saro kaya. Na ji ta Jos, ɗiyar direban jirgin ƙasa, mai son zama manajar banki don a daina ce wa matan kasuwa su je su zo da mazansu kafin a saurare su. Na ji Bakatsiniyar nan ɗiyar alƙali, mai goyo a baya, wadda mijinta ya kawo da kansa, ita ma'aikatar ciniki take hari. Kowacce ta faɗi gidan da ta fito da inda ta dosa, ba ta rage murya ba. Sai Balki ta ce, "Ke mi kinka ce musu?" Kinka ce, "Na ce kawuna babban ɗan kasuwa ne a Sakkwato."

Na dakata da bakacen. Ta Ilori ta ce uwata, ke kin ce kawuna. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma ban ga laifinki ba ko kaɗan. Abin da anka nuna miki kinka faɗa, kuma ni na nuna.

Sannan kinka rage murya kinka ce wa Balki, "Ni fa injin casar shinkafa nake so in kafa a bakin fadama, wanda zai fidda ta gida fara kamar ta jirgi. Kada ki gaya wa kowa, dariya za a yi mini." Na ajiye faifai na shige ɗaki na turo ƙofa. Ban san ko kuka na yi ko dariya ba, duka biyun ne. Ba ki san zancen ma'aikatan nan ba, ban taɓa gaya wa kowa ba sai Malam, amma ga shi abin da na bari ya wuce ni a bayan ƙyaure shi ne a bakinki. Abin da ya tsorata ni shi ne a ɓoye kinka faɗe shi. Su can sun faɗi nasu gaban baƙi, ke naki sai a kunnen ƙanwarki.

Na san inda kinka koyi rage murya. Ke ce ɗiyata ta fari, kuma kin san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Ban taɓa ɗaukar ki gaban mutane ba. Ana yaye ki Inna ta tafi da ke, kinka tashi cikin ƙannena kina ce mini Yaya kamar yadda kinka ji suna faɗa. In zan aika gare ki sai in ce a kira ɗiyar Inna, ko a kira waccan. Ranar da sakamakon jarrabawarki ya fito, mata sunka cika gidanga da barka, na tashi na shige madafa ina hura wutar da ke ci da kanta. Har yabona anka yi, wai ga mace mai alkunya. Da Inna ta rasu kinka dawo nan, munka zauna muna zagaye juna kamar surukai. Ban ce al'ada duk banza ce ba, ita ta rene mu. Amma na lura duk sanda babba ya yi miki magana sai ki sunkuya ki ce to, sak yadda nake yi, har murza mayafin. Wannan gado ne da ban so ki ɗauka ba.

To ga abin da za ki yi gobe. Ki gaishe da Kawunki a durƙushe, ki gode masa akwati da agogo, ki ci tsirensa. Yana ƙaunarki da gaske, a wuyansa kinka yi wayo, kuma shi a ganinsa gata zai yi miki. In ya kawo zancen ki ce, "Kawu, Allah Shi ƙara girma. Ba zan iya alkawari yanzu ba, sai na gama na ga abin da na iya." Zai sake ta wata hanya, ki maimaita masa wannan dai. Zai ce don Allah, zai ce don darajar Inna. Nan ne nake jin tsoro. Ki kalli titi ki yi salati a zuci, kada ki cike shirun da to. Mai yiwuwa ya ɗaure fuska daga Funtuwa har Zariya, ba komai, fushin Ladan ba ya kwana biyu. In ya ce ko Yaya ce ta zuga ki, ki ce e, ni ce. Ya dawo ya same ni, ina nan, wannan karon ba a bayan ƙyaure zan tsaya ba.

Na taɓa wa Malam zancen da safen nan ko zai tare shi. Ya ce shi ba ya shiga tsakanin kawu da ɗiya, mai zuwa jami'a ai ta isa ta amsa da bakinta. Kin ga ke nan babu mai yi miki sai ke. In kin gama karatu kinka ga aiki da Kawunki ya fi miki, da kujerarki a gaba da sunanki a allo, ban hana ba. Ni dai kada a karɓe shi a hannunki a cikin mota tun ba ki buɗe littafi ba.

Sauran tsorona na kowace uwa ne. Manyan motocin nan na mai ba su da imani a hanya, ki ce wa Kawunki ya bar gudu. In ɗalibai sun tashi rigima da soja ki shige ɗaki ki kulle, ba da ke ba. Masu sababbin motoci za su riƙa tsayawa ƙofar ɗakunanku, kuɗi sun yi wa mutane yawa yanzu, kada ki shiga motar da ba ki san uwar mai ita ba. Ki riƙe salla kan lokaci. Ki ci abinci, na san ki da wasa da ciki.

A ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, na sa miki ƙullin gumi. Ni na turara, ni na casa, ni na tsince, ban bar kowa ya sa hannu ba. In kun natsu ki dafa, ki kira ta Ilori da ta Jos da mai goyo ku ci. In sun tambayi ta wa ce, ki gaya musu. Sannan ki gaya musu zancen injin, da muryar da za su ji ba sai sun matso ba.

Allah Shi kai ku lafiya, Shi dawo da Kawunki lafiya. Allah Shi buɗa miki ƙirji, Shi haɗa ki da abokan arziki, Shi kare ki daga sharrin mutum da aljan. Allah Shi jiƙan Inna da ta rene ki. Gobe in mota ta zo kada ki neme ni a ƙofa, kin san ba zan iya fitowa ba, ina madafa. Amma ina jin tashinku.

Saura abu guda. Na ce miki abin da mutum ya yi a kira shi da sunansa, alhali ni ban taɓa kiran abin da na haifa da nasa ba. To ga shi, ki gani da rubutuna tun kafin ki gan shi a allo.

Saudatu.

Saudatu, ki sauka lafiya.

Ni ce uwarki, ba yayarki ba,
Rabi mai gumi, Gawon Nama, Sakkwato.